Hantsin Hunturu a Kurfai: Kara, Laka da Ƙananan Yara

A ƙasar Kurfai, shekara ba ta ba ƙaramin yaro sarari da yawa. Da damina kowa yana gona, sauro kuma ya cika gari. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, rairayi ya yi ƙunar da tafin ɗan shekara uku ba ya iya takawa. Abin da ya rage shi ne 'yan watannin da ke tsakanin Nuwamba da Fabrairu, bayan hatsi ya shiga rumbu, iska ta juya tana busowa daga arewa maso gabas. A nan ne yaro zai iya wuni a waje rana ba ta kore shi ba, a nan ne kuma uwa da kaka suke samun ɗan numfashi. Abin mamaki, wannan ne lokacin da iyaye da yawa suka fi tsoron barin yaro ya leƙa ƙofar gida.

Filinge, babban garin Kurfai, tana wajen kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a jihar Tillaberi, cikin Dallol Boso, wato tsohon kwarin kogin da ya ƙafe tun dubban shekaru, wanda ya gangaro daga Azawak ya nufi kogin Kwara. Ƙasan kwarin rairayi ne mai laushi, ga gawo da goruba, gefensa kuma tsaunukan jan dutse. Da dare sanyi kan sauko ya kwanta a kwarin. A Disamba da Janairu akwai asubar da ma'auni ke sauka ƙasa da digiri 15, amma kafin azahar ya koma wajen 30. Wanda ya zauna a Turai zai yi dariyar wannan sanyi. Wanda ya kwana a ɗakin zana da zane ɗaya, iska tana shigowa ta ko'ina, ba zai yi ba. Ƙurar da ke rufe sama kuwa, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, ta yi tafiyar fiye da kilomita dubu kafin ta sauka a kan tukwanen ruwan Shikal da Tukunus da ke kusa da Filinge.

Tsoron iyaye yana da dalili. Hunturu lokacin mura ne da tari da ciwon haƙarƙari, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi da faso. Amma maganin da aka saba yi yakan fi cutar illa. A rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma, a hura itace ko gawayi a tsakiyar ɗaki, a tara yara biyar suna shaƙar hayaƙi da numfashin juna. Hayaƙin itace a rufaffen ɗaki yana cikin manyan abubuwan da ke jawo wa ƙananan yara ciwon huhu, gawayi kuma yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum ya yi barci bai farka ba. Ga ƙuna: mai rarrafe ya faɗa kasko, ko bakin zane ya kama wuta wajen jin ɗumi. Idan aka auna, hantsi a fili da riga biyu da hula da takalmi ya fi wa yaro lafiya nesa ba kusa ba.

Akwai cuta ɗaya da ta cancanci tsoro na gaske, ita ce sanƙarau. Nijar tana tsakiyar yankin da likitan nan Bafaranshe Lapeyssonnie ya bayyana a 1963, yankin da a yau ake lissafa shi daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar kan tashi idan iska ta bushe, ƙura ta yi yawa, ta fi tsananta daga ƙarshen sanyi zuwa bazara. Mutanen Filinge suna da tarihi a wannan yaƙi. A watan Satumba na 2010, gundumar ce aka fara yi wa allurar MenAfriVac a duk faɗin Nijar, 'yan shekara 1 zuwa 29, kafin a kai ta sauran jihar da Yamai a Disamba. Allurar ta karya lagon nau'in A na cutar, amma annobar nau'in C da ta afka wa Yamai a 2015 ta nuna cewa da sauran aiki. Abin lura a nan shi ne, sanƙarau daga numfashin mutum zuwa mutum take yaɗuwa, cunkoson ɗaki ne abokinta. Tsare yaro a ɗaki ba rigakafi ba ne. Rigakafi shi ne kati ya cika, idan kuma aka ga zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, a garzaya likita ba tare da jiran gobe ba. Tun 2006 doka ta ce a duba 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, ko da yake kowa ya san ba kullum ake samun magani a kanta ba.

To, a wane lokaci za a fita? Tsofaffin mata ba su buƙatar agogo. Ba a fitar da ƙaramin yaro da asuba, sai hantsi ya ɗaga, ya sha kunu ko koko, an shafe shi da man kaɗe ko man shanu. Daga nan har azahar fili nasa ne. Da la'asar a sake fita, a dawo kafin magariba. Ranar da hazo ya yi kaurin da ba a hango tsaunin gefen gari, a tsaya a tsakar gida, bayan katanga, mai tari ko asma kuwa a bar shi ya huta. Wanka da rana tsaka, da ruwan ɗumi. Ke nan.

Kayan wasan da kaka ta bari

Babu lokacin da kayan wasa ke arha kamar bayan girbi. Kara ya cika ko'ina. Ka zauna kusa da yaro ɗan shekara bakwai da ƙaninsa ɗan shekara huɗu a gindin rumbu, ka ga abin da ake yi da shi. Babban zai zaɓi kara mai kauri, ya kama ɓawon da haƙori ya ja shi siri-siri, har farar totuwa ta fito. Sai ya gutsuttsura totuwar, ya riƙa soka mata siraran ɓawon, gaɓa bayan gaɓa, har gangar mota ta tashi. Taya kuwa daga fasasshiyar ƙwarya ko tsohon silifa ake yanko ta. Ƙaramin shi ne ɗan aike: "Miƙo mini guda huɗu masu tsawo ɗaya." Ya kawo uku, ɗaya gajere. A mayar da shi. Ya sake kawowa, ya jera su a ƙasa ya gwada kawunansu, ya ga wanda ya fi, ya karye shi. Idan taya ɗaya ta fi sauran girma, mota ta karkace, ba sai wani ya yi masa bayani ba. A zama ɗaya ya taɓa ƙidaya, ya taɓa awo, ya koyi riƙe abu da kan yatsu, riƙon da gobe zai yi wa alƙalami da alli. Ɓawon kara yana da kaifi, yana yanka. Shi ya sa aikin ɓarewa na babba ne, sokawa ta ƙarami.

Laka ma haka. Inda ake buga tubali a bakin tabkin da ya janye, yara kan samu rabonsu. A wannan ƙasa ba a gina saniya haka kawai. Tukunus, arewa kaɗan da Filinge, nan ne tashar da ake kiwo da inganta shanun Azawak tun kafin samun 'yancin kai a 1960, kuma yaron Kurfai yana ganin su suna wucewa tare da shanun Bororo. Idan ya murza ƙaho gajere ya ɗora tozo, Azawak ya yi; idan ya karyo dogayen ƙayoyi biyu ya kafa su suna kallon sama, ta Bororo ce. A nan ne babba yake da aikin yi, kuma aikin ba gyara ba ne. Tambaya ce. Kaka tana zaune a tabarma tana ɓarar gujiya, sai ta ɗago: "Maigida, wannan sa na wane ne? In nawa ne, ina igiyarsa? Mi zai ci yau da ba ciyawa?" Jikan zai tsaya ya yi tunani, ya ce harawa, ya ruga ya tsinko ganye. Ta ce harawar ba ta isa shanu uku ba. Ya ƙaro. Wasan kaka da jika, wanda take kiran namiji mijinta, mace kuma kishiyarta, yana sa yaro ya yi magana mai tsawo, ya kare kansa, ya ƙirƙiro dalili. Yawancin ƙwarewar baki da ake yaba wa Bahaushe daga irin wannan tsokana ta faro.

Na fi jin daɗin kallon wasan kasuwa. 'Yan mata su kasa magarya da aduwa da ƙodagon goruba a kan murfin kwano, tsakuwa ko fasassun tangaran su zama kuɗi. Lissafin kuɗi a Nijar yana da wuyar da manya suka daina gani: dala ɗaya tamma biyar ce, don haka abin da aka rubuta 100 a jikinsa dala ashirin ake kiransa, jaka kuma dala ɗari biyu. Yarinyar da ta iya ba da canji a wasa ta riga ta fara ninkawa da biyar tun ba ta ga allon lakwal ba. Kuma da yake Filinge mahaɗa ce, ga Kurfayawa, ga Zabarmawan Tondikandiya, ga Buzayen Imanan, ga Fulani, ba abin mamaki ba ne a ji ciniki ya fara da Hausa ya ƙare da Zabarmanci. Uwar da za ta tsaya minti biyar ta sayi magaryar dala biyu, ta yi tayi, a ce albarka, ta ƙara, ta yi wa ɗiyarta karatun da ya fi na awa guda na maimaita baƙaƙe.

Sauran wasannin an san su, ba sai an daɗe a kansu ba. Carafke tana haɗa ido da hannu. 'Yar gala-gala da langa suna ƙarfafa ƙafa, suna koya wa jiki tsayuwa. Gaɗa tana koyar da kiɗan tafi da jiran layi. Dara, mai gurbi talatin da 'ya'ya goma sha biyu kowane ɓangare, ta fi ƙarfin ɗan shekara huɗu, amma shi ne ke haƙa gurabun, layi biyar gurbi shida-shida, kuma manya ba sa yafe masa idan layi ya karkace. Kokowa kuwa ba a maganarta. Tun 1975 da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa take zagaya jihohi, a 'yan shekarun nan kuma cikin sanyin ƙarshen shekara ake yin ta. Muddin ana jin ta a rediyo, kowane tulin rairayi ya zama fage, kowane yaro ya ɗaura tsumma a damtse ya ce shi ne gwarzon kokowa Issaka Issaka. A bar su, in dai rairayin ba tsakuwa, kuma sa'a da sa'a ne.

Daji da garka

Hunturu yana da darussan da wani lokaci ba ya da su. Gawo shi ne na farko: duk itatuwa suna zubar da ganye, shi kuma yanzu ne ya yi kore shar, da damina ya tsaya tsirara. Yaron da aka nuna wa haka sau ɗaya, aka bar shi ya tsinci 'ya'yan gawo ya kai wa akuya, ba zai manta ba. Fara ma haka: da sanyin safiya ba ta iya tashi, sai rana ta gasa ta, shi ya sa masu kamun ta suke sammako. Rairayin dallol kuwa da hantsi cike yake da sawu, na kurciya, na ƙadangare, na buzuzu, na bushiya. Uba ko yaya ya tsuguna ya ce, "Wa ya wuce nan? Ina ya nufa?" Yaron da ya saba bambanta sawun zabo da na kaza ba zai sha wuyar bambanta baƙi da baƙi ba. A tafiya ɗaya kuma ake nuna masa abin gudu: ƙarangiya da tsaida masu shiga ƙafa, tumfafiya mai farin ruwan da ke cutar da ido, ramin da ba a sa hannu.

Sai garka. Bayan farin 1984, Shugaba Seyni Kunce, wanda ɗan Fandu ne a nan gundumar, ya matsa wa ƙasa lamba a kan noman rani, kuma dallol ya karɓa, domin ruwa yana kusa. A yau Bonkuku da ke cikin dallol ta yi suna da dankalin turawa har kasuwannin Yamai. Garka wurin aiki ne, ba wurin reno ba, amma iyali da yawa can suke wuni. Abin da wasu iyaye ke yi, kuma ya kamata a yaɗa, shi ne a yanka wa yaro ɗan fangali nasa, taku biyu da taku biyu, a ba shi gwangwanin tumatir da aka huda, da 'yan ƙwayoyin wake ko yakuwa. Ya shuka, ya ba ruwa, ya riƙa auna tsiro da sillen kara. Kwana kaɗan wake ya fasa ƙasa, wanda ya yi daidai da gajen haƙurin yaro. Hatsari biyu ne a garka, kuma ba na wasa ba ne: rijiyoyin da ba su da baki, da galan ɗin maganin ƙwari da ake ajiyewa a inuwa kusa da butar sha.

Da dare, idan sama ta washe, taurarin Kaza da 'ya'yanta suna saman kai tun bayan isha'i a waɗannan watanni. Almajirai sun tara karan da suka yo da la'asar, wutar makarantar allo ta tashi, a cikin gida kuma kaka ta fara tatsuniya da kacici-kacici. Wutar waje, wadda hayaƙinta ke tashi sama, ba irin ta cikin ɗaki ba ce. A dai zana wa masu rarrafe iyaka, a sa babba a tsakaninsu da ita.

Wa ke tare da yaron?

Duk wannan ba sabon abu ba ne, kuma da a ce yana tafiya da kansa da ba a rubuta shi ba. Matsalar ita ce wanda zai zauna da yaron. Da an gama girbi, maza da yawa sun tafi cin rani, wasu Yamai, wasu Najeriya, wasu Kwatano ko Abijan ko Libiya. Uwa ta rage da daka da ɗiban ruwa da itace. Reno ya koma hannun 'yar shekara takwas mai goyo a baya, wadda ita ma wasan take so. Inda aka samu babbar waya a gida, sai ta zama mai reno ta biyu: a miƙa wa ɗan shekara biyu bidiyo ya yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ce yaro daga shekara 1 zuwa 4 yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a wuni, ɗan shekara 1 kada a ba shi kallon allo ko kaɗan, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya. Minti 180 ba komai ba ne ga yaron ƙauye da aka sake. Abin da ke ƙaranci shi ne maganar babba.

Akwai binciken da ya auna darajar wannan magana. A Kingston ta ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci ya tsumburar. Wasu daga cikinsu, ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyartar gidajensu mako-mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasan da aka ƙera daga tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka bibiye su, aka tarar waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da wajen kashi 25 cikin 100. Ba a raba musu kwamfuta ba, ba a gina musu aji ba. Ga ƙasar da tsumburewar yara ta zama ruwan dare kamar Nijar, wannan ba labarin nesa ba ne. Mutanen Danmak, tun shekarun 1950, suke da makarantun reno na cikin daji inda yara ke wuni a waje cikin sanyin da ya ninka namu, kuma iyaye biya suke yi. Mu da muke da shi a banza, kunyarsa muke ji, muna ganin yaron da ya yi buɗu-buɗu da ƙasa alamar sakaci ne.

Ba sai uwa ta ajiye aiki ba. Tana shiƙa, ta ba shi ƙaramin faifai da tsabar da ba ta da amfani, ta tambaye shi ina iska ta fito. Tana ɗaura guga, ya ƙirga jan igiya. Uban da bai tafi ba, ko kawu, ko kakan da ke zaune a dakali yana tufkar igiyar kaba, ya miƙa masa zare biyu. Uban da ke Abijan ma, maimakon gaisuwa kawai, ya turo kacici-kacici ta saƙon murya, ya ce yana jiran amsa ran Juma'a.

Sai babbar magana, wadda ba a iya tsallakewa a Tillaberi. Tun 2012 Abala da ke wannan jiha ta karɓi 'yan gudun hijirar Mali, tun 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar, ɗaruruwan makarantu sun rufe, iyalai sun bar ƙauyukansu sun taru a garuruwa irin su Filinge da Baleyara. Dajin da yara ke shiga neman magarya ya tsuke. A wurare da dama yawon da iyayensu suka yi suna ƙanana ba ya yiwuwa, kuma darasin farko da ake koya wa yaro yanzu shi ne kada ya ɗauki ƙarfe ko kwali ko waya da ya gani yashe a hanya, ya dawo ya faɗa wa babba. Yaran da suka gudo sun fi kowa buƙatar wasa. Wanda ya ga abin da bai kamata ya gani ba, bakinsa kan ƙi faɗa, amma a laka da kara yakan fitar da shi, kuma bai kamata a tsawata masa don ya ƙera bindiga maimakon mota ba.

Idan daji ya tsuke, sai a nemi fili a cikin gari, kuma akwai shi. Farfajiyar lakwal tana nan, da inuwarta, tana zaune babu kowa da yamma da ranakun hutu, har da hutun ƙarshen Disamba, wanda ya faɗo a tsakiyar sanyi. Izinin yana hannun darakta da kwamitin iyaye masu kula da makaranta. Kayan da ake buƙata amalanken rairayi ɗaya ne, da damin kara, da tulun ruwa. Abin da ya fi wuya shi ne babban da zai zauna, kuma a nan ƙungiyoyin mata na asusu, irin Mata Masu Dubara da suka faro a Maraɗi a 1991 suka bazu a ƙasar, sun riga sun iya tsarin karɓa-karɓa: yadda ake zagayawa da zubi mako-mako, haka za a iya zagayawa da zaman hantsi, yau gidan wance, gobe gidan wance, mace ɗaya ko tsoho ɗaya ga yara goma, sauran su tafi rijiya da garka.